Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa: a ba mu dokar kare kasuwa da hukumar da za ta yi aiki da ita

Masu girma Sanatoci da 'Yan Majalisar Wakilai, musamman waɗanda ke kwamitocin ciniki da masana'antu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyoyi da dama waɗanda suka buɗe kasuwarta ga kayan ƙasashen waje, kuma kowace daga cikinsu ta bar mana damar kare kanmu idan aka cuce mu, ko kaya suka yi mana ambaliya. Amma har yau ba mu tsayar da hukumar da za ta riƙa amfani da wannan dama yadda ya kamata ba. Mun yi ƙofa mai faɗi, ba mu sa mata sakata ba. Kafa wannan hukuma da doka aikinku ne, ba na kwastan ba ne, ba kuma na Babban Banki ba, shi ya sa wasiƙar ta nufo ku.

Ni tsohon akawu ne. Na yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kano da suka rufe, a sashen da ke lissafa abin da kowane yadi ya ci tun daga auduga har ya fita ƙofa. Yau kuwa ina riƙe wa 'yan kasuwa littattafan lissafi, akasarinsu ma kayan waje suke sayarwa. Don haka na san ciwon mai saƙa, na kuma san abin da ke faɗo wa mai shago da mai saye a rai idan suka ji an ce za a ƙara haraji.

Bari mu tuna abin da muka ɗauka wa kanmu. Muna cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, tun ranar da ta fara aiki, 1 ga Janairu 1995. Muna ƙarƙashin harajin bai-ɗaya na ECOWAS da ya soma aiki a 2015, mai hawa biyar: sifili, sai kashi 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Sai babbar cikinsu, yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, AfCFTA. Ƙasashe 44 suka sa mata hannu a Kigali ranar 21 ga Maris 2018, babu Najeriya a ciki, domin Shugaba Muhammadu Buhari ya fasa tafiyar bayan ƙungiyar masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago sun nuna ba su gamsu ba. Tsoronsu shi ne a mayar da ƙasar nan wurin jibge kayan wasu. Sai ranar 7 ga Yuli 2019 aka sa hannu a Yamai, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta a hukumance ranar 1 ga Janairu 2021. Alƙawarin da aka ɗauka shi ne a janye haraji sannu a hankali daga kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya, a ba kashi 7 masu rauni ƙarin lokaci, a ware kashi 3 kacal waɗanda ba za a taɓa ba. An sa hannun ne da cewa za a yi shiri, kuma cikin shirin nan babu wanda ya kai wannan da nake magana a kai muhimmanci.

Kada a fahimce ni a baibai, ba na adawa da yarjejeniyar. Bahaushe ba baƙon fatauci ba ne. Kakanninmu sun kai turkuɗin Kura har Agadas, sun ɗauko goro daga Gwanja, kuma zangon da ke Kumasi har yau shaida ne. Kasuwar mutum fiye da biliyan ɗaya alheri ce ga mai jima da mai takalmi a Kano, ga mai albasa a Sakkwato da Kebbi, ga mai siminti da mai taki. Abin da nake cewa shi ne waɗanda suka tsara dokokin cinikin duniya ba su taɓa cewa a buɗe a zuba ido ba. Sun tanadi hanyoyi uku na kare kai, kuma ƙasashen da suka fi kowa wa'azin buɗe kasuwa, Amurka da Tarayyar Turai, suna cikin waɗanda suka fi kowa amfani da su.

Hanya ta farko ta shafi jibge kaya. Wato kamfanin waje ya riƙa sayar mana da kaya a farashin da bai kai wanda yake sayarwa a ƙasarsu ba, wani lokaci ma bai kai abin da ya kashe wajen yin kayan ba. Idan aka tabbatar da haka, ƙasa tana da ikon ɗora ƙarin haraji wanda bai wuce gibin farashin ba, a kan kayan wannan kamfani ko wannan ƙasa kaɗai, sauran masu kawo kaya da gaskiya ba abin da ya shafe su. Sai dai ba da baki ake yi ba. Dole a nuna abu uku da hujja: cewa akwai gibin farashi, cewa masana'antar gida ta ji rauni a zahiri, da cewa raunin daga wannan jibgewar ya fito, ba daga wani abu daban ba. Idan gibin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, a rufe fayil. Idan kayan ƙasar da ake ƙara ba su kai kashi 3 cikin 100 na abin da ake shigowa da shi ba, galibi a ƙyale ta. Masu kai ƙara sai sun kasance suna samar da aƙalla kashi 25 cikin 100 na irin kayan a cikin gida. Ana so a gama bincike cikin shekara ɗaya, kada ya wuce wata 18 ko ta halin ƙaƙa. Harajin kuma yana faɗuwa da kansa bayan shekara 5 sai in an sake dubawa an ga har yanzu da buƙata.

Ta biyu ta shafi tallafi. Idan gwamnatin wata ƙasa ce ke cika wa kamfanoninta aljihu har suke iya karya farashi, ana iya ɗora harajin da zai goge wannan tallafi, bayan bincike irin na farko. Ta uku kuwa ba ta neman mai laifi. Kaya ne suka ƙaru da sauri fiye da yadda aka zata har suna neman durƙusar da masana'antar gida, sai a ɗaga haraji ko a ƙayyade adadi na ɗan lokaci domin masana'antar ta samu ta numfasa ta gyara kanta. Wa'adin farko ba ya wuce shekara 4, jimilla shekara 8, amma ƙasashe masu tasowa an yi musu rangwame zuwa 10. Duk ukun suna cikin AfCFTA, a rataye na 9 na yarjejeniyar cinikin kaya, kuma ECOWAS ta fitar da ƙa'idojinta a kansu tun 2013.

To, kowace daga cikin ukun tana buƙatar abu ɗaya: hukumar da doka ta ba ikon karɓar ƙara, ta aika wa kamfanonin waje takardar tambayoyi, ta duba littattafansu, ta saurari kowane ɓangare, ta buga hukuncinta da dalilansa. Dokar da muka gada a kan jibge kaya da tallafi ta 1958 ce, tun Turawa ba su tafi ba, tun kafin a tsara waɗannan sharuɗɗa da shekaru masu yawa. Ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka ke nan.

Da yake babu wannan hanya, abin da muka saba shi ne mu hana shigo da kaya yau, gobe mu ɗage hanin. Tarihin masaƙunmu ya ishe mu misali. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri, cikin Kaduna, a 1957, zamanin gwamnatin Sardauna, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtua da Gusau, har masaƙun ƙasar nan suka haura 100, kuma bayan gwamnati babu mai ɗaukar ma'aikata kamarsu. A 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki na zamanin Janar Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tabbacin farashi. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi. Sin ta shiga WTO a Disamba 2001. KTL ta rufe a 2002. Gwamnatin Obasanjo ta sake hanawa, kayan suka ci gaba da shigowa ta bayan gida. Ranar 1 ga Janairu 2005 tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya ya ƙare, a 2007 kuma UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta rufe masaƙarta ta Kaduna. Daga baya aka ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da saƙa. A 2015 Babban Banki ya hana kaya 41 samun dala daga hannunsa, ya faɗaɗa hanin kan kowane irin yadi a Maris 2019, sannan aka soke jerin gaba ɗaya a Oktoba 2023. A cikin duk wannan kai-komo, mai masaƙa bai san a kan wace doka zai yi lissafin shekara biyar ba, ɗan kasuwa bai san ko kwantenarsa za ta iso tana halal ko haram ba. Wanda kawai lissafinsa bai taɓa ɓaci ba shi ne ɗan fasa-ƙwauri.

Ina tuna wata rana da manajan tallace-tallace ya shigo ofishinmu da turmi biyu na atamfa ya shimfiɗa a kan tebur. Zane iri ɗaya, launi iri ɗaya, har rubutun da ke bakin zanen yana cewa a Najeriya aka yi. Ɗaya namu ne, ɗayan kuwa ya sayo shi a kasuwa da safiyar nan. Sai an murza da yatsa sannan a ji na biyun ya fi santsi da rashin nauyi. Muka buɗe littafi muka tara kuɗin auduga da na rini da na baƙin mai da ke tafiyar da tukunyar tururi, ba mu ma kai ga albashin ma'aikata ba, jimillar ta riga ta wuce farashin da ya sayo wancan. Kowa a ɗakin ya faɗi nasa. Wani ya ce jibgewa ce, wani ya ce gwamnatinsu ke biya musu, wani ya ce ai ba a biya kwastan ko sisi ba, wani kuma ya ce zaren roba ne aka haɗa kuma injinansu sun fi namu sabunta. Cuta iri-iri ke nan, kowace da maganinta. Jibgewa da tallafi na harajin kariya ne, fasa-ƙwauri na kwastan ne, satar zane ta kotu ce, tsohon inji da tsadar wuta kuwa namu ne mu gyara. Hukuma mai ikon bincike ce kaɗai za ta iya rarrabe su da hujja. Mu kuwa abin da ke hannunmu shi ne rubuta koke zuwa Abuja da jiran wanda ya san wani. Ko marinan Kano da suka yi tattaki zuwa fadar Sarki a 2015 a kan rinannen yadin waje da ke kashe musu sana'a, sun je can ne domin babu wata ƙofa da doka ta ce su ƙwanƙwasa.

Mafi tsananin abin da hanyar hani ta jawo shi ne rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, 'yan makonni bayan mun sa hannu a Yamai. Manufar ita ce shinkafar da ake saukewa a Kwatano a tsallako da ita, kuma matsalar gaskiya ce. Amma wa ya ji a jikinsa? Mai kai albasa da tattasai, mai sayen dabbobi a Maigatari, mai ɗaukar kaya a Jibiya da Illela, iyalan da rabinsu ke Katsina rabi ke Maraɗi. Aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen da ba su taɓa ganin buhun shinkafar waje a sito ba suka koma sayen mai a galan da tsada. Masana'antunmu da ke sayar da kaya a Nijar da Ghana su ma aka toshe musu hanya. Saboda kaya ɗaya aka hukunta dubu. Sannan a Yuli 2024, da tsadar abinci ta kai maƙura, aka sanar da janye haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Ban ce yunwar ba gaskiya ba ce. Amma manomin da ya ci bashin taki a kan tsohon lissafi, babu inda aka kira shi aka ji ta bakinsa, kamar yadda ba a ji ta bakin mai saye ba ranar da aka rufe.

Wasu ƙasashe masu tasowa sun bi wata hanya. Afirka ta Kudu tana da dokar hana jibge kaya tun 1914, kuma hukumarta ta yanzu, ITAC, tana aiki tun 2003. A 2000 ta ɗora haraji a kan cinyoyin kaji na Amurka, domin can farin naman ƙirji ake so, ragowar kuma a turo shi waje da arha. Amurka ta matsa mata lamba a 2015 da barazanar cire ta daga AGOA, tsarin da ya ba kayan Afirka damar shiga Amurka ba haraji, aka daidaita a kan tan 65,000 a shekara da zai shigo ba tare da wannan haraji ba. Afirka ta Kudu ta sassauta, haka ne, amma ta zauna teburin ciniki da abu a hannu, ta ba da wani ta riƙe wani. Ku kwatanta da Ghana. A 2003 majalisarta ta ɗaga harajin kajin waje daga kashi 20 zuwa 40 cikin 100, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna bai yarda ba, aka dakatar da dokar ba ta yi aiki ba, daskararrun kaji suka mamaye kasuwar. Ghana ta koyi darasi, a 2016 ta yi dokar kafa hukumar cinikin ƙasa da ƙasa mai ikon bincike. Kenya ta yi tata dokar a 2017. Masar tana da tata tun 1998. Indiya kuwa tana sahun gaba a duniya wajen buɗe binciken jibge kaya, kuma babu wanda ya kore ta daga WTO saboda haka.

Akwai darasi a auduga ma. A taron WTO na Kankun a 2003, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kukan tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta, duniya ta tausaya musu. Brazil kuwa ƙara ta shigar a 2002 da lauyoyinta da alƙalumanta, ta yi nasara, a 2014 Amurka ta biya dala miliyan 300 aka rufe maganar. Bambancin ba na gaskiya ba ne, dukkansu suna da ita. Bambancin na ƙwararru ne da hujja a rubuce. Ga shi kuma kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta tsaya cak tun Disamba 2019, ko da yake 'yar ƙasarmu Ngozi Okonjo-Iweala ce ke jagorantar ƙungiyar tun Maris 2021. Wannan ya ƙara nuna cewa kariyar da za a dogara da ita ita ce wadda ƙasa ta gina a gidanta.

Yanzu ga inda nake so ku fi tsayawa, ranku ya daɗe, domin nan ne dokar za ta iya zama alheri ko ta zama wata sabuwar cuta.

Sharaɗin kashi 25 cikin 100 ba ya wahalar da kamfani uku da ke yin siminti ko ƙarfe. Suna da akawu, suna da lauya, waya ɗaya ta haɗa su. Amma ku dubi madara. Garin madarar da ake shigowa da shi a manyan buhuna kashi 5 cikin 100 kawai yake biya a harajin ECOWAS, alhali ƙasashen Gabashin Afirka suna karɓar kashi 60. Tarayyar Turai ta cire ƙayyade yawan madarar da manomanta ke samarwa a Afrilu 2015, kuma kaso mai yawa na abin da ke shigowa yankinmu gari ne da aka cire masa man shanu aka maye da man ja na masana'anta. Yau a kasuwanninmu har mai tallar nono kan dama gari ta zuba a ƙwarya, domin ya fi mata arha a kan ta bi rugage. Wa zai tara makiyaya dubu ɗari su cike takardar ƙara mai shafi hamsin? Haka tumatir. An buɗe masana'antar Dangote a Kadawa a 2016, a 2017 gwamnati ta ɗaga harajin markaɗaɗɗen tumatir na ganga daga kashi 5 zuwa 50 cikin 100, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan, amma manomin Kura da Garun Malam har yanzu yana shanya tumatir a bakin titi idan kaka ta yi yawa. Dokar WTO ta yarda hukuma ta buɗe bincike da kanta idan tana da isasshiyar hujja. Ku rubuta wannan a dokarmu ƙarara, ku ba ƙungiyoyin manoma da makiyaya da marina da maɗinka damar shigar da ƙara a madadin mambobinsu, ku kuma sa hukumar ta buɗe ofis a Kano da Aba da Legas mai taimaka wa ƙananan masu sana'a haɗa hujja kyauta. In ba haka ba, dokar ta manya ce kawai.

Sai mai saye. Matar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, atamfa mai arha rahama ce gare ta, kuma ba laifi ba ne ta so arha. Tela da ke sayen yadi, mai gidan burodi da ke sayen gari, mai walda da ke sayen ƙarfe, duk harajin da aka ɗora a kansu yake sauka. Saboda haka doka ta wajabta a saurare su kafin hukunci, a kuma auna amfanin jama'a gaba ɗaya. Idan harajin da bai kai gibin farashi ba ya isa ya kawar da raunin, a tsaya a ƙaramin. Duk masana'antar da aka ba kariyar wucin gadi ta kawo a rubuce abin da za ta gyara a cikin wa'adin, a riƙa bibiya, in ta kwanta barci a janye. Kuma kowane hukunci a buga shi a fili da alƙalumansa, a bar wa wanda bai gamsu ba damar zuwa kotu. Mun ga yadda takardar rangwamen haraji ke zama dukiya a hannun 'yan tsiraru a ƙasar nan. Hukumar da minista zai iya juya ta da waya ɗaya, gara babu ita. A ba shugabanninta wa'adi tsayayye, kuɗinta ya fito kai tsaye daga kasafi, ma'aikatanta su zama akantoci da masana tattalin arziki da lauyoyi da aka ɗauka da jarrabawa.

Ba zan ce muku wannan doka za ta tayar da masaƙun Kakuri ko Sharaɗa ko Challawa ba. Masaƙar da ke kwana a kan janareta ba za ta yi gogayya da wadda wutarta ba ta ƙiftawa ba, ko da an ɗora harajin duniya. Wuta da iri mai kyau da bashi mai sauƙi da tsaron gonaki a Zamfara da Katsina suna nan suna jiran nasu maganin. Amma ko a nan binciken yana da amfani, domin sharaɗin nan na nuna inda raunin ya fito yana tilasta a ware raunin da kayan waje suka jawo daga wanda muka jawo wa kanmu, a rubuta kowanne da adadinsa.

Abu biyu kuma ba za su yiwu a Abuja kaɗai ba. Duk lokacin da harajinmu ya yi wa na maƙwabta nisa, mun buɗe wa fasa-ƙwauri kasuwa ne da hannunmu. Don haka hukumar ta riƙa kai manyan ƙararraki gaban ECOWAS domin matakin ya hau kan Kwatano da Lome kamar yadda ya hau kan Apapa. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairu 2025 ta ƙara wa wannan wuya, kuma dole a zauna da Yamai a kan kayan da ke ratsawa, tunda iyakar da ke tsakaninmu ta fi kilomita 1,400 kuma jama'ar ɓangarorin biyu 'yan uwa ne. Na biyu shi ne asalin kaya. Rangwamen AfCFTA na kayan da aka yi a Afirka ne, ba na wanda aka sauke daga jirgin ruwa aka sauya masa kwali ba. Ba banza ba ƙa'idar asalin yadi da ta motoci suka kasance cikin waɗanda aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kansu. Wannan tsoro ne ma ya sa Najeriya ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai, alhali Ghana da Kodebuwa suna aiki da tasu ta wucin gadi tun 2016. Ƙin sa hannu ya saya mana lokaci, amma kayan Turai na shiga maƙwabta da rangwame, kuma muna kasuwa ɗaya da su. Sai da jami'an da za su iya zuwa masana'anta su ga inji yana juyawa kafin a yarda da takardar shaidar asali.

Kada kuma a manta takobin kaifi biyu gare shi. Ranar da taki ko siminti ko robobinmu suka fara cin kasuwa a wata ƙasar Afirka mai irin wannan hukuma, za a buɗe mana bincike, a aiko da takardar tambayoyi mai wa'adin kwana 30. Kamfanin da bai amsa ba, da alƙaluman abokin ƙararsa za a yanke masa hukunci. Ƙwararrun da za su binciki kayan wasu su ne za su tsaya wa namu a waje.

Roƙona gare ku shi ne ku soke dokar 1958, ku maye ta da cikakkiyar dokar matakan kare kasuwa wadda ta dace da WTO da AfCFTA da ƙa'idojin ECOWAS, ku kafa hukumar da ita, ku sa mata kuɗi a kasafin shekarar da aka kafa ta, ku kuma wajabta wa kwastan da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa su riƙa ba ta alƙaluman shigo da kaya wata-wata. Kafin karatu na uku, ku fito da zaman jin ra'ayin jama'a daga Abuja, ku yi ɗaya a Kaduna, ɗaya a Kano. Ku gayyaci tsofaffin ma'aikatan masaƙu da manoman auduga na Funtua da Gusau, da marinan Ƙofar Mata, da 'yan Kantin Kwari masu shigo da kaya, da matan da ke saye a hannunsu, a yi zaman da Hausa domin kowa ya faɗi abin da ke ransa. Idan kun sa rana, zan zo da tsofaffin littattafan lissafin da ke hannuna.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon akawun masaƙa, Kano